Aikin lauyan baƙi a iyakar Sudan da Habasha: yadda ake kare matan da aka yi safararsu a Basunda da Gadarif

Matar da 'yan sanda suka kama a wani gida a garin Gadarif, ko a kan hanyar da ta taso daga iyakar Habasha ta ɓangaren Basunda, ana iya rubuta ta a takardar hukuma da ɗaya daga cikin sunaye huɗu: wadda ta shigo ƙasa ba izini, mai karuwanci, mai neman mafaka, ko wadda aka yi safararta. Kowane suna da dokarsa da ofishin da ke kula da shi. Biyun farko suna kai ta gidan yari, daga nan a tasa ƙeyarta zuwa iyaka. Biyun ƙarshe suna ba ta kariya. Mafi yawan aikin lauyan da ke kula da shari'ar baƙi a wannan yanki kokawa ce a kan wane suna zai hau takardar, kuma galibi cikin 'yan kwanakin farko ake yin ta a gama.

Basunda da maƙwabtanta

Basunda ƙaramar hukuma ce a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, tana maƙwabtaka da yankin Amhara na ƙasar Habasha. Babbar mashigar da hukuma ta sani a wannan jiha ita ce ta Gallabat, wadda ke fuskantar garin Metema na Habasha, amma iyakar doguwa ce, kuma da rani ana tsallaka ta da ƙafa ta wurare da dama. Jihar ta yi suna wajen noman riɗi da dawa a manyan gonaki, saboda haka kowace kaka dubban 'yan ci-rani daga Habasha ke shigowa yankan riɗi. A cikin wannan kai-da-komo ne dillalai ke shigo da 'yan mata da alkawarin aikin gida a Khartum ko hanyar zuwa Saudiyya da Libiya. Abin lura, da harshen Amhara ma "delala" ake kiran irin wannan mutum, kalmar da ta fito daga tushen Larabci ɗaya da "dillali" namu.

Daga watan Nuwamba na 2020, lokacin da yaƙin Tigray ya ɓarke, kimanin mutum 60,000 suka tsallako gabashin Sudan. An sake buɗe tsohon sansanin Um Rakuba, sannan a farkon 2021 aka buɗe na Tunaydbah, duka a jihar Gadarif. A watan Yulin 2021 kuma 'yan ƙabilar Qemant da suka tsere wa rikici a yankin Amhara suka shigo ta ƙauyen Taya na ƙaramar hukumar Basunda, daga baya aka kai su sansanin Babikri.

A Sudan babu wani rukunin lauyoyi da doka ta keɓe wa shari'ar shige da fice. Wanda ke wannan aiki lauya ne kamar kowane, "muhami" a bakin mutanen wurin, sai dai ya saba da fayilolin baƙi, kuma sau da yawa wata ƙungiya ce ke biyansa, domin wadda yake karewa ba ta da ko kuɗin shayi. Ƙungiyar Mutawinat, wadda mata lauyoyi suka kafa, da cibiyar taimakon shari'a ta PLACE, da ƙungiyar mata ta SIHA, suna cikin waɗanda aka sani da irin wannan aiki a ƙasar. Yawancin lauyoyin jihar a garin Gadarif suke zaune. Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, baƙar ƙasar yankin tana zama taɓo mai riƙe mota, ta yadda wadda aka tsare a ofishin 'yan sanda na kan iyaka za ta iya kwana da yawa kafin wani lauya ya ji labarinta.

Safara da fasa-ƙwauri ba ɗaya ba ne

A bakin jama'a, har ma a kafofin watsa labarai, ana cakuɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Fasa-ƙwaurin baƙin haure (trafic illicite de migrants a Faransanci) shi ne mutum ya biya wani ya tsallakar da shi iyaka, a rabu a can. Laifi ne da aka yi wa ƙasa. Safarar mutane (traite des personnes) laifi ne da aka yi wa mutum. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000, wadda Sudan ta shiga a 2014, ta ce sai abu uku sun haɗu: an ɗauko mutum ko an kai shi ko an ajiye shi, an yi hakan ta hanyar tilas, barazana, yaudara ko amfani da rauninsa, kuma manufar ita ce a ci da guminsa, ko ta karuwanci, ko aikin dole, ko bauta. Idan yarinya ba ta kai shekara 18 ba, ba a bukatar a nuna an tilasta mata ko an yaudare ta. Yardarta ba ta wanke kowa.

A zahiri, tafiya takan fara a matsayin fasa-ƙwauri ta rikiɗe ta zama safara a hanya. Yarinya ta yarda da dillali a kan wani kuɗi tun daga gida. Da aka tsallaka sai a ce kuɗin ya ƙaru, a karɓe wayarta da takardunta, a kulle ta a wani gida, a kira iyayenta a nemi fansa. Idan babu, sai a ce ta biya da jikinta ko da aikinta, kuma bashin kullum ƙaruwa yake yi domin ana ɗora mata kuɗin abinci da na ɗaki. Mai gabatar da ƙara yakan tsaya a kan farkon labarin, cewa da ƙafarta ta taho kuma ita ta biya. Lauya kuwa dole ya nuna wa kotu ranar da al'amarin ya juya: yaushe aka karɓe wayar, wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin, hannun wa kuɗin ke shiga.

Gabashin Sudan ya ga mafi munin wannan tsakanin 2009 da 2013, lokacin da ake sace 'yan Iritiriya a kusa da sansanin Shagarab na jihar Kasala a sayar da su zuwa Sinai ta Masar, inda ake azabtar da su don neman fansa. Wannan na cikin abin da ya matsa wa gwamnati ta yi doka.

Dokokin da ke karo da juna

Jihar Gadarif ta riga gwamnatin tarayya, domin ta yi tata dokar ta shige da fice da safarar mutane a 2013. Ta ƙasa baki ɗaya ta zo a 2014, aka yi mata gyara a 2021. Ta tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 10, sannan 5 zuwa 20 idan mace ce ko ƙaramin yaro aka yi safararsa, ko kuma akwai wani abin da ya tsananta laifin. Ita ce kuma ta kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da safarar mutane. A shekarar ta 2014 aka yi sabuwar dokar neman mafaka, wadda ofishin Kwamishinan 'Yan Gudun Hijira, COR, ke aiwatarwa tare da hukumar UNHCR.

A ɗaya gefen akwai dokar fasfo da shige da fice, wadda ta mai da shigowa ba izini laifin da ake yi wa ɗauri ko tara, sannan kora. Irin waɗannan shari'o'i a gurguje ake yin su, wani lokaci a gurfanar da mutum da yawa a zama ɗaya. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa a watan Mayun 2016 kaɗai Sudan ta mayar da aƙalla 'yan Iritiriya 442 ƙasarsu, har da shida da aka riga aka yi wa rajistar gudun hijira. Makamin lauya a nan shi ne Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951, wadda Sudan ta shiga a 1974. Sashe na 31 ya hana a hukunta mai neman mafaka saboda ya shigo ba izini, muddin ya kai kansa ga hukuma ba da ɓata lokaci ba, sashe na 33 kuma ya hana a mayar da shi inda ake barazana ga ransa ko 'yancinsa. Sai dai Sudan ta keɓe kanta daga sashe na 26 da ya shafi 'yancin zirga-zirga. Ma'anar wannan ita ce 'yar gudun hijirar da ta fita daga Um Rakuba ba da takardar izini ba ta saɓa ƙa'ida, ko da katinta na hannunta. Dillalai sun san haka sarai, shi ya sa bakin sansani ya zama kasuwarsu.

Sai dokar laifuka ta 1991, wadda ita ce ta fi ba mata tsoro. Sashe na 154, yadda aka rubuta shi da farko, ya ɗauki duk wanda aka samu a "wurin karuwanci" a matsayin mai laifi idan akwai yiwuwar yana aikatawa ko yana samun kuɗi da shi, hukuncinsa bulala har 100 ko ɗauri har shekara 3. An faɗaɗa ma'anar wurin sosai, ta yadda ɗakin da maza da mata marasa aure ko dangantaka suka taru zai iya shiga ciki. Sashe na 155 na mai gudanar da gidan ne. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokokin "tsarin jama'a" a Nuwamban 2019, sannan gyaran Yulin 2020 ya cire bulala daga laifuka da dama, amma karuwanci ya ci gaba da zama laifi, haddin zina na sashe na 146 ma yana nan. Dokar shaida ta 1994 kuma tana karɓar ciki ba da aure ba a matsayin hujjar zina. Wannan shi ne tarkon da ya fi kowane haɗari ga wadda aka tilasta wa karuwanci: idan ta buɗe baki ta faɗi abin da aka yi mata, maganarta na iya komawa ikirari a kanta.

Shari'ar da ta fito da wannan fili ita ce ta wata matashiya 'yar Habasha da maza bakwai suka yi wa fyaɗe a Omdurman a watan Agustan 2013, tana da ciki. Bayan bidiyon da suka ɗauka ya yaɗu ta WhatsApp, ita ma aka kama ta. A Fabrairun 2014 kotu ta same ta da laifin aikata rashin ɗa'a, ta yanke mata ɗaurin wata ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka da tarar fam 5,000 na Sudan. Ƙungiyar SIHA ta bi shari'ar har ƙarshe. A 2015 aka gyara sashe na 149 aka raba ma'anar fyaɗe da ta zina. Gyaran ya taimaka, amma labarin shari'ar ya daɗe yana yawo a tsakanin matan Habasha da ke Sudan, kuma lauya yakan sha wuya kafin ya shawo kan wadda ta ji shi ta yarda ta je gaban ɗan sanda.

Kwanakin farko

Abu na farko shi ne lauya ya sami ganinta ita kaɗai. Ba ƙaramin abu ba ne, domin sau da yawa ana tsare ta a wuri ɗaya da matar da ke riƙe da gidan, ko kuma wanda ya zo yana cewa shi yayanta ne alhali shi ne dillalin. Sai maganar tafinta. Kotu da ofishin 'yan sanda da Larabci suke aiki, ita kuwa tana jin harshen Amhara ko Tigirinya ko Oromo ko Hausa. Idan aka ɗauko tafinta daga unguwar da aka kama ta, babu tabbacin cewa abin da ta faɗa ba zai isa kunnen dillali kafin magariba ba. Lauyan da ya san aikinsa yakan nemi tafinta mace daga wata ƙungiya, kuma yakan nemi a karanta mata bayanin da aka rubuta kafin ta dangwala yatsa.

Na biyu shi ne takardar likita ta 'yan sanda da ake kira Arnik 8, wato fom na takwas. A kanta likita ke rubuta raunin da ya gani, kuma ita kotu ta saba karɓa. Tabon duka, ƙuna da alamun ɗauri a wuyan hannu suna ɓacewa cikin kwanaki, don haka jinkiri asara ce. Akwai kuma maganar lafiya wadda ba ta jiran kotu: maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV bayan fyaɗe cikin sa'a 72 ake fara shi.

Na uku shekaru. Dokar yara ta 2010 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma fayil ɗinsa na sashen 'yan sanda mai kula da iyali da yara ne. Yarinyar da ta fito daga ƙauye ba takardar haihuwa, dillali ya riga ya koya mata ta ce shekararta ashirin. Idan aka rubuta hakan a rana ta farko, kankare shi aiki ne.

Daga nan sai lauya ya rubuta wa mai gabatar da ƙara yana neman a sauya matsayinta daga wadda ake tuhuma zuwa mai ƙara ko mai shaida, ya sanar da COR da UNHCR idan tana tsoron komawa gida, ya kuma nemi beli. Hujjarsa ita ce ƙa'idar da dokokin duniya suka amince da ita, cewa ba a hukunta wanda aka yi safararsa a kan laifin da safarar ce ta jefa shi ciki. Beli yana bukatar wanda zai tsaya mata, baƙuwa kuwa ba ta da kowa. A nan ne ƙungiyoyin 'yan ƙasarta mazauna gari, ko gidan ɓoyo irin wanda ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Sudan ta gudanar a Kasala tare da UNHCR, suke shigowa.

Wadda ba safararta aka yi ba

Ba kowace mace mai zaman kanta a garuruwan iyaka ce aka yi safararta ba. Akwai wadda mijinta ya mutu a yaƙi, ko kuɗin sayar da shayi ya kasa ciyar da 'ya'yanta, ta shiga da kanta ba mai riƙe da mabuɗinta. Ita ma tana da haƙƙin lauya, kuma kuskure ne babba a koya mata labarin safara don a sama mata sauƙi. Labarin ƙarya yakan warware a gaban alƙali, ya ɓata shari'arta, ya kuma sa a yi shakkar ta gaba wadda gaskiya take faɗa. Kariyar irin wannan mace daban take: shin an shiga gidan da takardar izinin bincike? Mene ne hujjar cewa wurin karuwanci ne? An tilasta mata ta yi ikirari? Idan an same ta da laifi, lauya yakan roƙi tara maimakon ɗauri, kuma ya hana hukuncin ya zama dalilin kora idan 'yar gudun hijira ce. Aikata karuwanci ba ya soke matsayin gudun hijira.

Bayan shari'a

Ko an ɗaure dillali, tambayar inda za ta zauna tana nan. Italiya tun 1998 tana ba da izinin zama ga wadda ta kuɓuta daga masu safara a ƙarƙashin sashe na 18 na dokar baƙi. Amurka ta ƙirƙiro biza ta musamman mai suna T a 2000, guda 5,000 a shekara. Faransa tana ba da kwana 30 na nazari, sannan katin zama ga wadda ta kai ƙara ko ta ba da shaida. A Sudan hanyar da ta fi tabbas ga baƙuwa ita ce ta neman mafaka, wanda ke nufin komawa sansani, ko kuma ta amince a mayar da ita gida. Hukumar IOM tana da cibiyar taimakon baƙi a garin Gadarif, Habasha kuma tana da ƙaramin ofishin jakadanci a can wanda ke ba da takardar tafiya. Kafin ta sa hannu a kan komawa, wajibin lauya ne ya tambaye ta ko dillalin ɗan garinsu ne, ko iyayenta sun ci bashi a kanta, ko kuma an san abin da ya same ta. Idan amsar ta nuna haɗari, wannan ma hujja ce ta neman mafaka. Matsalar da masu gabatar da ƙara ke kuka da ita, cewa shaidu na ɓacewa kafin ranar zama, daga nan take tasowa: ba mai jiran shari'ar wata shida a garin da ba ta da izinin aiki kuma 'yan uwan wanda ta kai ƙara sun san fuskarta.

Inda abin ya shafi Hausawa

Hausawa sun daɗe a Gadarif, Kasala, Sennar da yankin Blue Nile. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta kawo kakanninsu, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903. Wannan tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Mata daga Kano, Damagaram da Maraɗi sun riƙa bi ta Chadi su shiga Sudan da niyyar tsallaka Bahar Maliya zuwa Saudiyya, wasu kuɗinsu ya ƙare a hanya suka faɗa hannun masu bashi. Takardar tafiya ta CEDEAO ba ta ba kowa izinin shiga Sudan ba biza. A samamen da 'yan sandan Sudan suka yi da taimakon INTERPOL a Khartum a watan Agustan 2018, an kuɓutar da mutum 94, 85 daga cikinsu yara, kuma akwai 'yan Nijar da 'yan Chadi a ciki. Wadda aka mayar Nijeriya hukumar NAPTIP, da aka kafa a 2003, ita ke da alhakin karɓarta. A Nijar dokar 2010-86 ta 16 ga Disamban 2010 ce ke hukunta safarar mutane, hukumar ANLTP/TIM ke kula da aikin, kuma an buɗe cibiyar karɓar waɗanda aka kuɓutar a Damagaram a 2019.

Ga Bahaushiyar da aka haifa a Gadarif, aikin lauya juyawa yake yi. Ita 'yar ƙasa ce, amma idan ba ta da lambar ɗan ƙasa, wato "raƙam watani", jami'in da ya ji harshenta yana iya rubuta ta a matsayin baƙuwa. Maganar asalin Hausawan Sudan ba sabuwa ba ce, kuma ta sake tasowa da zafi a rikicin Blue Nile na Yuli da Oktoban 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka. A irin wannan fayil lauya yakan nemo takardun mahaifinta ko na 'yan uwan mahaifin, da shaidar dattawan unguwa, kafin a ɗora mata tuhumar shigowa ba izini a ƙasar da aka binne kakanninta.

Tun bayan 15 ga Afrilun 2023

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya mayar da gwamnati Port Sudan, ya kuma tarwatsa ofisoshin ƙungiyoyin lauyoyi da ke Khartum. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo jihar Gadarif, cikinsu har da mata 'yan Habasha da Iritiriya da suka yi shekaru suna aikin gida a babban birnin, da yawa sun baro katunansu a gidajen da suka gudu suka bari. Binciken takardu ya tsananta, kuma baƙo yana iya fuskantar zargin haɗa baki da abokan gaba, wanda ya fi tuhumar shige da fice nauyi nesa ba kusa ba. A hayin iyaka kuma, tun 2023 sojojin Habasha ke fafatawa da mayaƙan Fano a yankin Amhara, rikicin da ya kai har garin Metema. Kotunan garin Gadarif sun ci gaba da zama, amma wadda aka yanke wa hukuncin kora ta Gallabat, cikin yankin da ake wannan faɗa za a sauke ta.